Awon ƙwaƙwalwa ga mai amai mai dawowa: wanne ya cancanci a biya?

Akwai ciwon da ke wahalar da iyalai a Damagaram ba tare da an san sunansa ba. Yaro, wani lokaci ma babba, zai tashi cikin dare ko da asuba yana amai ba ƙaƙƙautawa, sau huɗu ko fiye a awa guda, ya galabaita kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya warke sarai har tsawon makonni kafin abin ya dawo da kamanninsa na farko. Wannan shi ne ciwon amai mai dawowa, wanda likitoci ke kira cyclic vomiting syndrome a Turance. Likita Samuel Gee na Ingila ya bayyana shi a 1882, kuma a yau ana ɗaukarsa ɗan'uwan ciwon kai na ɓari guda, domin sau da yawa akan tarar da mai wannan ciwon kai a cikin dangi. Idan aka gaji da maganin masassara da na taifot, sai wani ya ba da shawarar a duba ƙwaƙwalwa, kuma a nan ne ake bukatar natsuwa kafin a sayar da akuya ko buhun gero.

Babu na'urar da ke nuna wannan ciwo. Likita na gane shi ne daga labarin yadda yake zuwa, bisa ƙa'idojin gane cututtukan ciki da ake kira Rome IV na 2016, waɗanda ga babba suke neman tashi uku a shekara, biyu daga ciki a watanni shida na baya. Amfanin awon ƙwaƙwalwa shi ne kawar da wasu cututtuka masu kama da shi, don haka alamar da ke jikin majiyyaci ce ya kamata ta zaɓi awon.

EEG yana auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Ana liƙa wayoyi kimanin ashirin a fatar kai da wani farin kwaɓi, majiyyaci ya kwanta kusan rabin awa, a ce ya buɗe ido ya rufe, ya ja dogon numfashi, a kuma haska masa fitila mai walƙiya. Ba ya da zafi, ba a kuma saka wuta a jiki kamar yadda wasu iyaye ke tsoro; sai dai a kwance kitso, a wanke kai, kada a shafa mai. Ya cancanci kuɗinsa idan a lokacin aman yaro na yin fari fat, idanunsa na karkata gefe guda, ko a kira shi bai amsa ba, domin akwai wata farfaɗiyar yara mai suna Panayiotopoulos wadda takan fara da amai cikin barci, galibi tsakanin shekara 3 zuwa 6. Rauninsa shi ne sakamakon na iya fita lafiya ga mai farfaɗiya, ya kuma nuna ƴan alamu ga yaron da ba shi da ita. Saboda haka, kafin a biya, a tambayi wanda zai karanta takardar. Idan ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, ina ganin gara a dakata, don kada a ɗora yaro kan maganin farfaɗiya na shekaru a banza.

Sikana, wato na'urar ɗaukar hoton cikin kai da ake kira CT, tana da sauri, mintoci kaɗan ne, kuma ita ce ta gaggawa, kamar bayan buguwa a kai ko fita hayyaci farat ɗaya. Amma tana aiki da hasken rediyo mai ƙarfi wanda ba a son maimaita wa yaro, kuma ba ta ganin bayan ƙwaƙwalwa da kyau saboda ƙashin ƙeya, alhali a nan ne cibiyar amai take, a nan kuma ƙari ya fi fitowa ga yara.

IRM, wadda a Najeriya ake kira MRI, ta fi ta a wannan wuri nesa ba kusa ba, kuma maganaɗisu take amfani da shi. Ita ce za a nema idan aman na zuwa da ciwon kai mai ƙaruwa da safe, tangaɗi a tafiya, gani bibbiyu, sabon harara-garke, ko kuma yaro ba ya komawa daidai tsakanin tashi da tashi. Tsadarta ba a kan awon kaɗai take ba. Wanda aka tura Yamai zai yi tafiyar kusan kilomita 900, Kano kuwa ta fi kusa amma da ƙetare iyaka da canjin kuɗi, ga masauki, ga allurar da ke fito da hoto, ga kuma maganin barci ga ƙaramin yaron da ba zai iya kwanciya shiru na minti talatin ko fiye cikin ƙarar na'urar ba. A kira a tabbatar tana aiki kafin a yanki tikitin mota, a kuma karɓo faifan hoton tare da rahoton.

Akwai wani nau'in IRM da ke bin gudun jini don ganin sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki. Da shi ne masu bincike a Amurka suka nuna a 2017 cewa sashen da ake kira insula, mai karɓar saƙon cikin jiki, yana haɗuwa da sauran sassa ta hanyar da ta bambanta da ta masu lafiya. Wannan ya ƙarfafa fahimtar cewa ciwon na tsakanin ƙwaƙwalwa da ciki ne, ba sammu ko raki ba, amma binciken ya kwatanta rukuni ne da rukuni, ba ya yanke hukunci kan mutum ɗaya. Duk wanda ya ce zai gano ciwon ɗanka da shi, kada ka ba shi ko dala.

Idan babu ko ɗaya daga alamun da aka ambata, abubuwan da suka fi araha su ne a gaba: duba ƙasan ido a wurin likitan ido, wanda ke nuna ko akwai matsi a cikin kai, ekografin ciki da ƙoda, hoton hanji don ganin ko a murɗe yake, awon sukari, da awon juna biyu ga mace. Saurayin da ke samun sauƙi idan ya yi wanka da ruwan zafi a tambaye shi batun tabar wiwi, domin tana kawo amai irin wannan. A kuma sayi kaye a riƙa rubuta ranar da aman ya fara, awarsa, tsawonsa, da abin da ya gabace shi, ko rashin barci ne, ko yunwa, ko fargabar jarrabawa, ko al'ada. Sauran kuɗin a tanade su don ƙarin ruwa mai sukari ranar tashi, da magungunan rigakafi irin su amitriptyline ga wanda ya haura shekara 5 ko cyproheptadine ga ƙarami, waɗanda likita ne kaɗai zai rubuta su ya kuma daidaita yawansu.