Sabbin rim da sensar iskar taya: abin da ya same ni a hanyar Madina

Motata Camry ce ta 2015, shigowar Amurka, da ita nake neman abinci tsakanin Makka da Jidda. Da rim ɗin ƙarfe inci 16 ta zo, masu marfin roba, kuma na daɗe ina sha'awar na alminiyam inci 17. Da na ɗan samu sarari bayan aikin Hajji sai na je wani banshar, wato shagon taya, a sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, na zaɓi rim huɗu masu kyau. Rim ɗin kam ba ni da abin cewa a kansu, sun zauna wa motar. Maganata a kan sensa ce, abin da Larabawa ke kira hassas, ɗan ƙaramin abin nan da ke manne da gindin bawul a cikin taya yana aika wa mota labarin iska.

Tun kafin a kwance noti ɗaya na ce wa mai shagon a mayar min da sensata ta asali cikin sabbin rim. Ya ce bawul ɗinsu ba zai zauna a ramin sabon ba, amma yana da sabbi da suka fi su. Na biya. Ban yi tafiyar rabin awa ba fitilar nan mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya ta fara ƙiftawa, ta yi kamar minti ɗaya, sannan ta tsaya a kunne. Na koma. Ya danna maɓallin saiti, ya ce in yi ta tafiya za ta mutu da kanta. Kwana uku ba ta mutu ba. Da na sake komawa sai ya ce min "ma fi mushkila", wato babu matsala, ya yanko baƙin salatef ya liƙa a kan gilashin dashbod daidai wurin fitilar. Wallahi haka aka yi, kuma na karɓa na tafi, abin da har yau yake ci min rai.

Sati biyu bayan nan na ɗauki Hajiya mahaifiyata da matata da yara biyu za mu ziyara Madina. Tafiyar ta haura kilomita 400 a kan titin Hijira, ga zafin da kwalta ke tururi. Wajen Wadil Fara' na ji motar tana ɗan ja gefen dama, na ɗauka iskar hanya ce, don manyan tireloli suna ta wuce mu. Hajiya ce ta ce, "Kai yaro, tsaya mu yi La'asar, ƙafata ta yi tsami." Da na shiga gidan mai na zagayo bayan mota sai warin roba ya buge ni. Tayar baya ta dama ta kwanta, na kai hannu na janye da sauri saboda zafi. Mai faci ya sa geji, allura ta tsaya a 16, alhali takardar da ke jikin ƙofar direba 35 ta ce. Ƙusa ce ƙarama ta shige tsakiyar zane. Da ya ɓare tayar ya juyo min cikinta, baƙin garin roba ya zubo kamar an niƙa gawayi, gefenta duk ya cinye. Sabuwar taya ce, ko wata ɗaya ba ta yi ba. Na tsaya ina kallon yarana suna shan ruwa a inuwa, ƙafafuna suna rawa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne an yi wannan na'ura don irin wannan rana. A Amurka sai da tayoyi suka yi ta fashewa a motocin mutane aka rasa rayuka kafin a yi doka a shekarar 2000, kuma daga Satumbar 2007 duk ƙaramar mota sabuwa dole ta zo da ita. Ƙa'idar ita ce fitila ta kama idan iska ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Ke nan tun iskar tana wajen 26 ya kamata in sani, tun tayar tana da rai. Ni kuwa fitilata tana kunne dare da rana a ƙarƙashin salatef.

Da muka dawo Makka wani ɗan'uwa a Shari' Mansur ya kai ni wurin wani dattijo Bakano mai aikin wayarin mota. Ya ɗauko wata ƙaramar na'ura ya kara a jikin kowane bawul, ya juyo min fuskarta. "Ɗana, ka ga wannan lamba? Zangon rediyon da sensa ke aika saƙo a kai ne. 433 ce, irin ta motocin Turai. Taka ta Amurka ce, 315 take ji. Ko shekara za ka yi kana danna maɓalli ba za su fahimci juna ba." Ya ce maɓallin nan iskar da ke ciki kawai yake sa mota ta haddace, ba ya gabatar mata da sabuwar sensa. Kowace sensa tana da lambarta, sai an jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari an rubuta wa motar. Shi ne kuma ya koya min bambancin da ban sani ba: fitila ta kama kai tsaye, iska ce ta ragu; ta yi ƙifce tukuna sannan ta tsaya, na'urar ce ba ta aiki.

Ya sa min irin waɗanda ake saitawa, masu aiki da 315 da 433 duka. Ya karanto lambobin sensata ta asali daga ƙwaƙwalwar motar ya zuba musu, kafin mu gama shayi fitila ta mutu. Don in yarda, ya sace iskar taya ɗaya a gabana, fitila ta kama, ya mayar ta mutu. Na ji daɗi sosai, kuma wata huɗu ke nan suna aiki lafiya, har sau ɗaya sun tashe ni a hanyar Ɗa'if kan ƙusa.

Amma ba zan ce komai ya yi daidai ba. Ɗaya daga ciki ta riƙa yoyo ta wajen robar gindinta, sai da aka sake ɓare taya aka canza robar aka ɗaure notin a hankali, don alminiyam ne, ana matsa shi da yawa yake tsagewa. Batirinsu kuma a liƙe yake, ba a canzawa, in ya mutu sai dai a sayi wata sensa. Ta kamfani takan yi shekara biyar zuwa goma, waɗannan kuwa sai abin da Allah ya yi.

Sannan dattijon ya duba ramin sabon rim ya ce sensata ta asali da ta zauna ɗaram. Na koma wurin mutumin farko neman kayana. Ya ce ɗaya ta karye a bakin injin ɓare taya, sauran ukun kuma sun tafi da tsoffin rim. Kuɗin sensarsa da ba ta yi aiki ko na minti ɗaya ba ma ya hana ni, wai an riga an ɗaura. Na yi asarar sensa huɗu na asali, da huɗun da na saya, da taya sabuwa. Na ɓare salatef ɗin, amma shatin gam ɗinsa yana nan a gilashi, kuma har yau Hajiya ba ta shiga motar sai ta ce, "Ka duba tayoyin nan kuwa?"