Gonar kabewa ko kayan dodo na kanti? Ni dai kabewa

Maman ƴan biyu, kin tambaya tsakanin kai yara gonar kabewa da saya musu kayan dodon nan na Halowin, bikin da ake yi a Amurka daren 31 ga Oktoba, ki kai su gona kawai, kar ki tsaya ɓata kuɗinki.

Mu nan jihar Ohio da an shiga Oktoba ranar Asabar muke ɗibar yaranmu mu tafi, gonakin suna nan birjik a wajen gari. Za a loda ku a bayan tarakta kuna zaune kan busasshiyar ciyawa a zagaya da ku har tsakiyar gona, kowa ya sauka ya zaɓi tasa, autana kullum sai ya je ya rungumo wadda ta fi ƙarfinsa yana nishi wai shi ba zai saki ba, ƙarshe dai baban ne zai turo ta a baro yana mita. Yawancin gonakin kuma suna da gonar masara da aka yanka hanyoyi a ciki a shiga a ɓata a yi ta neman mafita, wannan kaɗai ya isa ya cinye musu awa guda, su dawo mota a gajiye tiɓis ko rigima babu. In kina kusa da birnin Kolumbus ma akwai bikin kabewa na garin Circleville da ake yi tsakiyar Oktoba tun 1903, shiga kyauta ne, za ki ga kabewa ɗaya ta wuce kilo 500, sai dai cunkoso kam ba a magana.

Daɗin abin ma sai an dawo gida. Ki shimfiɗa leda a kan tebur, a yanke saman kabewar ya zama murfi, ki bar su su sa hannu su kwaso ƴaƴan da zaren nan mai yauƙi, za su yi ta ihun ƙyama amma ba wanda zai cire hannu. Su zana fuskar da biro, babba ya riƙe wuƙa, dan Allah kar ki ba yaro wuƙa ko ta roba ce ya ce ya iya. A ciki ki sa ƴar fitila mai batir, kyandir ba tsaro ga yara. Kuma kar ki yi saurin yankawa, wadda ba a taɓa ba tana iya yin makonni lafiya lau, amma da an huda ta kwana uku zuwa biyar ta fara laushi ta yi fumfuna, ga kuregun ƙasar nan marasa kunya da za su zo su cinye mata hanci a bakin ƙofa. Ki bari sai 28 ko 29 ga wata.

Ƴaƴan kabewar kar ki zubar, ki wanke ki barbaɗa gishiri da yaji ki gasa. Manyan da ake sassaƙawa kam duk ruwa ne ba ɗanɗano, in miyar taushe kike so ki haɗo da ƙananan nan masu nauyi da suke yin fanke da kek da su, su ne suka fi kusa da kabewar gida, ki sa gyaɗarki da alayyahu, ranar Lahadi a ci da tuwon shinkafa.

Kayan dodo kuwa ina da ɗaya a cikin sito, dare ɗaya aka sa, kafin a dawo zif ya fashe, shekarar da ta biyo baya ya yi wa yaron kaɗan. Iyakar abin da zan ce a kansu ke nan. In malamarsu ta ce kowa ya zo da shiga, ai mu da muka yi tashe ba za a koya mana wannan ba, babbar rigar babansu, gemun auduga, hula da sanda, shi ke nan tsoho ya fito, kuma wallahi shi turawan za su fi tsayawa ɗauka a hoto.

Maganar ko ya halatta ko bai halatta ba kowa da malaminsa, ba zan shiga ba. Bikin Halowin dai daga tsoffin al'adun mutanen ƙasar Ailan ya samo asali, su suka taho da shi Amurka musamman bayan yunwar da ta fara a 1845, shi ya sa wasu iyayen ko kusa ba sa yarda. Mu a gidanmu ba ma bin gida gida neman alawa daren 31, fitilar waje muke kashewa, a nan ita ce alamar kar a ƙwanƙwasa maka. Amma zuwa gona da cin kabewa ban ga me zai hana ba. In kuma naki sun samo alawa a makaranta ki juya bayan leda ki karanta, masu taunar nan da yawansu akwai jelatin kuma sau tari na alade ne.

Sai ki yi hattara da masu tallan kayan dodo a intanet wannan lokacin, hoto kamar a fim, kaya su iso yadi shara-shara kina ganin hannunki ta ciki, sayiz ɗin ɗan shekara uku a ce na ɗan bakwai ne, ki nemi a mayar miki da kuɗi ki tarar shafin ya ɓace. Haka kantunan da suke buɗewa a gine-ginen da ba kowa cikin Satumba, da Nuwamba ta kama sun kwashe, ki tambayi ƙa'idar mayar da kaya kafin ki biya. Su ma masu gonar ba duka ne tsarkaka ba, wani zai karɓi kuɗin shiga kan kowane mutum ki ɗauka har da kabewa, sai a bakin fita a ɗora ta a sikeli a caje ki daban, tarakta daban, shiga gonar masara daban. Ki kira tukuna ki ji me kuɗin ya ƙunsa. Kabewar kuma ki juya ƙasanta ki danna da yatsa, in ta lotsa ki ajiye musu abarsu ki ɗauki wata, kuma ki sa musu takalman da ba kya jin ciwon su ɓaci don taɓo ake kwasowa.