A Jamus mai shago ta hana ni sayen dashen tumatur

Jama'a wai ni da kuɗina a hannu mai shago ta ce kar in saya. A nan Hambug ne, cikin watan Afrilu, rana ta fito gari ya yi daɗi, itatuwa duk sun yi fure fari da ja, na shiga wani babban shagon kayan lambu na ɗebi dashen tumatur da tattasai zan kai ɗan filin bayan gidanmu. Wata dattijuwa ma'aikaciyar wajen ta dubi kwandona ta tambaye ni a waje zan dasa? Na ce eh. Ta girgiza kai ta ce in mayar, in dawo bayan 15 ga Mayu, in kuma na matsu to sai dai in ajiye su cikin ɗaki jikin taga. A gaban mutane fa. Wallahi da farko raina ya ɓaci, na ɗauka irin rainin nan ne da ake wa baƙar fata.

Ashe su nan har tsofaffi suna da ranakun da suka sani, 11 zuwa 15 ga Mayu, sai sun wuce ake yarda sanyi ya tafi. Ɗumin Afrilu yaudara ne, shi ke sa itace ya yi saurin fure, sai wani dare sama ta washe ba gajimare ba iska, zafin ƙasa ya tsere, kafin asuba awo ya sauka digiri 2 ko 3 ƙasa da sifili. Furen da ya buɗe cikinsa ya yi baƙi, shi ke nan babu 'ya'ya a shekarar. Haka aka yi a ƙarshen Afrilun 2024, masu tuffa da inibi a gabashin Jamus suka tafka asara, a Faransa kuwa a 2021 kwana aka riƙa yi ana kunna manyan kyandirori a gonakin inibi.

Satin bai ƙare ba waya ta yi ƙara, gargaɗin hukumar yanayi, har da awannin da sanyin zai sauka. Da magariba na leƙa, maƙwabta kowa ya fito da wani farin yadi mara nauyi yana lulluɓe fulawa, masu tukwane suna ja da su cikin gareji. Yadin ma sayar da shi ake, kuma ba arha, nan komai sai ka biya, ƙasar shuka ma a buhu take da farashinta, ƙasa fa! In ko abin ya faɗo ranar Lahadi ka shiga uku don shaguna a rufe suke, sai dai ka cire zanin gadonka. Abin da ya fi ɗaure min kai manoman tuffa na Altes Land, nan gefen kogin Elbe, su ruwa suke fesa wa furen dare guda ya daskare a kansa, wai ruwa in yana daskarewa yana sakin ɗan ɗumi, sai furen ya tsira cikin ƙanƙarar, amma in famfo ya tsaya kafin gari ya ɗumama an gama. Nan da nan na tuna wutar lantarkinmu ta gida, na yi dariya ni kaɗai.

Amma dattijuwar nan ce ta tsaya min a rai. Ku faɗa min tsakani da Allah, wani mai shagon iri a gida zai ga kuɗi ya ce je ka ka dawo wata mai zuwa? Irin da ya kwana biyu ma sai ya rantse maka jiya aka sauke, ka shuka bai fito ba ka koma ya ce haka Allah ya so. Mu ma kuma da namu, NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, duk shekara tana fitar da hasashen damina amma wa ke saurare, ruwan farko na sauka kowa ya ruga da iri, a yi sati biyu ba ɗigo shuka ta ƙone a sake sayen wani.

Duk da haka kar ku ce na sayar da gida. Tumaturin kantinsu ja ne kawai, ba ƙamshi, ko kusa da na Kadawa bai kai ba, mangwaro ɗaya kuwa sai ka ba da yuro 2 ka yanka ka ji salam, alhali a irin wannan lokaci ku kuna can kuna ture shi da ƙafa a bakin kasuwa. Duk mai tahowa don Allah ya riƙo min irin yakuwa da na attaruhu.