Kawasaki Ninja 400 a Hannun Sabon Mahayi

Duk wanda ya saba da Bajaj Boxer ko makamancinsa, ranar da ya yi niyyar sayen babur na tsere na farko, ba zai rasa masu zuga shi ya nemi mai inji 600 cc ko 1000 ba, wai don kada ya yi saye biyu. Ban bi wannan shawara ba, na ɗauki Kawasaki Ninja 400 na hannu, kuma bayan na daɗe ina hawansa a cikin gari da kan babbar hanya, ra'ayina shi ne mai koyo ba ya buƙatar abin da ya wuce wannan.

Babur ɗin ya fara fitowa a 2018, yana da inji 399 cc mai silinda biyu, nauyinsa da cikakken tanki yana kusa da kilo 168, tsawon wurin zama kuma milimita 785. Amfanin waɗannan alƙaluma yana bayyana ne a cikin cunkoso, lokacin da Keke Napep ya yanko gabanka ba sigina, ka taka birki, ka sauke ƙafa ta sami ƙasa sosai, babur bai rinjaye ka ba. Kulocinsa yana da laushi ƙwarai, har yatsu biyu ma sun isa su matse shi, kuma an yi shi ta yadda tayar baya ba ta saurin tsalle idan aka rage giya da gaggawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙarfinsa ke zuwa a hankali gwargwadon murɗa totur. Ƙarfin doki 45 ne ko kusa da haka, wanda ya ishe ka ka wuce tirela cikin natsuwa, amma bai kai ga fizge maka kai don hannunka ya ɗan motsa a kan rami ba. Manyan nan masu 600 cc suna haura doki 100, kuma ba sa yafe kuskuren hannu ko kaɗan. Ba banza ba ne ƙasashen Turai suka ware lasisin A2, wanda ya taƙaita sabon mahayi ga babur da ƙarfinsa bai wuce kilowat 35 ba, wato kusan ƙarfin doki 47, kafin ya haura sama, kuma Ninja 400 yana cikin wannan iyaka.

Shawarata ga mai saye ita ce ya tabbatar akwai birkin ABS, wato mai hana taya ƙamewa idan an matse birki da ƙarfi, domin an sayar da wasu a Amurka babu shi, kuma dillali ba lallai ya faɗa maka ba. A kunna makulli a ga fitilar ABS ta kama, sannan ta mutu da zarar an fara tafiya. A hanyoyinmu, inda yashi ke kwanciya a bakin kwalta bayan ruwan sama, wannan birki shi ne ke hana tayar gaba ƙamewa, alhali ita ce ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa. Na riƙa zuwa fili da sassafe ina gwada tsayuwar gaggawa da juyawa a hankali, har hannu ya saba matse birki sannu sannu maimakon cafka, ido kuma ya saba kallon inda ake son zuwa a kwana, ba abin da ake tsoro ba.

Akwai wahalhalun da suka shafi duk babur irin wannan a wurinmu. Cikinsa yana kusa da ƙasa, saboda haka tudun rage gudu yana buƙatar lallaɓawa, robobin jikinsa suna da tsada idan sun fashe, kuma ba kowane bakanike ne ya san injin da ke sanyaya da ruwa, mai sarrafa fetur da kwamfuta ba. Gurɓataccen man bumburutu ma ba abokin tafiyarsa ba ne.

Kuɗin da na rage saboda ƙin sayen babba, na zuba su a hular kwano mai rufe haɓa wadda ke ɗauke da tambarin ECE, wato shaidar ta cika ƙa'idar inganci ta Turai, da safar hannu, da riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Zafin watan Afrilu yana sa mutum ya so ajiye su, amma akwai riguna masu raga da iska ke ratsawa, su na fi so. Lasisin babur a Najeriya aji A ne, kuma ya kamata a mallake shi tare da takardun kwastan na babur ɗin kafin a hau babban titi.