Sabon furosesa, tsohon kanel: abin da na gani da Ryzen 7000 a kan Linux

Kwamfutar tebur na haɗa don aikin gyaran bidiyon biki, da furosesa Ryzen 7 7700 na kamfanin AMD da bod (babban faifan da ake jona dukkan kayan kwamfuta a kai) mai B650. Wani yaro mai hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano ne ya ɗaura min ita. Dangin Ryzen 7000 sun fito ne a Satumban 2022, suka zo da sabon mazaunin furosesa a kan bod mai suna AM5, kuma ba sa karɓar RAM sai DDR5, don haka tsohon RAM ɗinka na DDR4 sai dai ka sayar.

Na ɗora mata Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, daga filashin da ya daɗe a aljihun jakata, mai kanel 5.15, wanda ya fito a ƙarshen 2021. Wato ya girmi furosesan da kusan shekara. Kanel shi ne ke magana da ƙarfen kwamfuta kai tsaye, direbobin yawancin kayan ma a cikinsa suke, abin da aka ƙera bayan fitowarsa kuwa sau da yawa bai san da zamansa ba. Injin ya tashi, amma rubutu a allo ya kumbura manya-manya, taga in ka ja ta sai ta riƙa tsinkewa, wayfay kuwa ko alamarsa babu. Sai da na jona wayata da kebul na ba ta intanet.

Da na koma Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux mai kanel 6.8, komai ya zauna daram. Allo ya washe, wayfay ya bayyana da kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne amd-pstate, direban da ya shigo tun kanel 5.17, wanda ke sassauta gudun furosesa idan ba aiki yake ba. Ga mai dogaro da inbata a garin nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne: batirina ya fi jimawa, fanka ma ta daina kururuwa da zafin azahar na watan Afrilu. Idan na saka bidiyo ya fita kuwa, sai injin ya saki jiki ya cinye aikin nan da nan.

Masu furosesan Intel ma sun ɗanɗana irin wannan da ƙarni na 12 a 2021, mai ƙwayoyi iri biyu, masu ƙarfi da masu tsimin wuta, kafin kanel ya iya raba musu aiki daidai.

Inda zuciyata ta tsinke shi ne sabunta BIOS, ƙaramar manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta, aikin da bod irin nawa ke buƙata kafin ya karɓi Ryzen 9000 na 2024. In wuta ta ɗauke ana tsakiyarsa, bod na iya mutuwa. Na jona inbata, na kashe firji, na zauna ina kallon layin nan yana rarrafe. Ya kammala lafiya. Injin ya ci kuɗinsa, amma filashin 5.15 na goge shi, kada ya ruɗi ƙanena.