Teburan foka na Las Vegas: yaya suke da masu naƙasa?

Shiga gidan caca a Las Vegas da keken guragu ba wani aiki ba ne. Dokar ADA ta 1990, mai kare haƙƙin masu naƙasa, ta wajabta wa wuraren kasuwanci a Amurka tanadin hanya, ƙa'idojin 2010 kuma suka yanke faɗinta inci 36, da filin juya keke inci 60. Nan kam sun ci maki. A bakin tebur ne gizo ke saƙa.

Teburin foka, wato wasan karta na caca, yana da gefe mai kauri da aka yi wa katifa. Hannun keke mai batir da sandar tuƙinsa sukan tokare shi, sai mutum ya zauna taƙi guda nesa da kartarsa. Illar ba ƙarama ba ce: kartar da ba a dafe ba, mai rabon karta zai iya share ta cikin kartar da aka yar, kuma da wuya a dawo da ita. Kujera ta 1 da ta 9, masu maƙwabtaka da mai rabo, su suka fi shan wannan. A nemi ta 4, 5 ko 6, inda gefen yake miƙe kuma karta biyar na tsakiya, da kowa yake amfani da su, suke kusa, a kuma danne karta da kwandala ɗaya, irin wadda gidan caca ke bayarwa a madadin kuɗi.

A wasan kuɗi hannu, zaɓen kujera magana ce kawai da mai kula da zaure. A gasa kuwa ƙuri'a ke raba kujeru, ana kuma rushe tebura ana sauya wa mutane wuri. Wanda bai sanar da daraktan gasa tun wajen rajista ba, zai yi ta ratsa cunkoso da kwandaloli a cinya.

Tanadin makafi ya fi burge mu. Dokar wasa ta ce hannu ɗaya, ɗan wasa ɗaya, wato ba mai taya wani buga kartarsa, amma ana barin mai karantawa ya zauna a baya yana raɗa karta da abin da kowa ya zuba, ba shawara. Da haka Hal Lubarsky, wani makaho, ya ƙare na 197 cikin mutum 6,358 a babbar gasar foka ta duniya, WSOP, ta 2007. Raunin tanadin ɗaya: raɗa a tebur mai mutum tara, maƙwabci na iya tsinta.

Kurame aka fi bari a baya. A foka abin da baki ya furta shi ne hukunci. Idan ka jefa babbar kwandala ɗaya ba ka ce uffan ba, biyan daidai abin da wani ya zuba aka ɗauka ka yi, ba ƙari a kai ba. Idan ka zuba sau biyu, a soke na biyun. Mafita ita ce a tura kuɗin gaba ɗaya, ko a ɗaga ƙaramin kati mai rubutu. Sai dai masu rabo suna sauyawa kusan kowane minti 30, ke nan bayani ya koma sabo, in ba mai kula da zaure ne ya riƙa isar da shi ba.

Mai matsalar bambance launi shi ma ya kula: kwandalar dala 5 ja ce, ta dala 25 kore, launuka biyun da suka fi rikita ido. Ya tambayi mai rabo adadin da aka zuba kafin ya biya, doka ta ba shi wannan.