Maleshiya ko Bali: ina ya fi dacewa da watan hutunka?

Malam, ka ce kana son kai iyali hutu, kana wasiwasi tsakanin Maleshiya da tsibirin Bali na Indunusiya, hutun naka kuma ko dai ya faɗo a Disamba ko a Yuli. An gaya maka duka biyun ruwa ake yi shekara-shekara. Wanda ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba, sai dai ruwan nasu ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan zaɓin yake.

Batun zafi ba zai raba maka gardama ba. Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, tana digiri 3 ne kacal arewa da layin ikwaita, da rana zafi kan tsaya wajen digiri 32 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyos, da dare ya sauko wajen 24, haka daga Janairu har Disamba. Bali tana wajen digiri 8 kudu da layin, bakin tekunta kan yi wajen digiri 30, wani lokacin ya ɗan haura. Abin da ke gajiyar da baƙo a wuraren biyu danshin da ke cikin iska ne, gumi ya fito ya ƙi bushewa, tafiyar minti kaɗan sai riga ta manne a baya.

Kuala Lumpur ba ta san rani ba. Ruwan da ke zuba mata a shekara ya haura milimita 2,400, kuma ko a Yuni da Yuli, watannin da ya fi sauƙi, ana samun fiye da milimita 100 a wata. Ya fi yawa wajen Maris da Afrilu, sai kuma daga Oktoba zuwa Disamba. Amma ruwa ne mai lokaci. Yawanci gari kan waye da rana fes, bayan azahar hadari ya haɗo, wajen la'asar a kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga tsawa ga walƙiya, bayan awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. Wanda ya tsara yawonsa na waje da safe, ya bar kasuwannin zamani da gidajen tarihi zuwa yamma, ba zai ji ruwan ya takura masa ba. Birnin ma ya saba da abinsa, har akwai wata hanyar ƙarƙashin ƙasa mai suna SMART da aka buɗe a 2007, motoci ke bi a ranakun lafiya, idan ruwa ya yi yawa a rufe ta a kora ambaliya ta ciki.

Bali kuwa damina da rani gare ta, a rabe sarai. Denpasar, babban birnin tsibirin, kan sami wajen milimita 1,700 a shekara, bai kai na Kuala Lumpur ba, amma mafi yawansa yana zuba ne tsakanin Nuwamba da Maris. Janairu kaɗai kan haura milimita 300, Agusta kuwa ko 50 ba ya kai wa. Dalili shi ne daga wajen Mayu zuwa Satumba iska na tasowa ne daga Ostireliya, a lokacin can ana sanyi, sai ta iso a bushe da ɗan sanyi-sanyi. Idan shekara ta juya, iska ta koma busowa daga yamma ɗauke da ruwa.

To, mu ɗauki Disamba. Idan ka nufi Bali ka faɗa tsakiyar damina. Ba wai kullum ake wuni ana yi ba, ana samun safiya mai rana, amma akan yi ranakun da gari zai wuni a lumshe, teku ta yi fushi, ƙananan jiragen ruwan da ke kai mutane tsibiran kusa su jinkirta tashi. Wannan iskar yamma ita ce kuma ke koro tarkacen robobi zuwa gaɓar Kuta da Seminyak, abin da masu tallan hutu ba sa sawa a hotunansu. Ga sauro ya ƙaru, tare da zazzaɓin denge da yake yaɗawa. Abin haushin, saboda hutun ƙarshen shekara, otal ba ya araha duk da ruwan.

A Maleshiya, Disamba ya danganta da gefen da ka dosa. Tsaunukan Titiwangsa sun miƙe daga arewa zuwa kudu, sun raba yankin ƙasar da Kuala Lumpur take ciki gida biyu, gabas da yamma. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas na ratso Tekun Kudancin Sin ta sauke ruwanta a jihohin gefen gabas, wato Kelantan, Terengganu da Pahang. Can ruwa ne na kwana da kwanaki, irin wanda ya jawo babbar ambaliyar Kelantan a Disamba 2014. Yawancin masaukan tsibiran Perhentian da Redang da ke gefen gabas rufewa suke yi a wannan lokaci, don haka kada ma ka ɓata lokacinka neman ɗaki. Amma tsaunuka na tare wa gefen yamma, shi ya sa tsibiran Langkawi da Penang ke shiga watanninsu mafi bushewa daga Disamba zuwa wajen Maris. Ba na ce yamma ta tsira kwata-kwata ba, domin a Disamba 2021 ambaliya ta yi ɓarna sosai a Shah Alam da Klang, kusa da Kuala Lumpur. Duk da haka, in ni ne da yara a Disamba, Langkawi zan nufa, in bar Bali.

Yuli kuma na Bali ne ba gardama. Sama garau, danshi ya ragu, da dare a garin Ubud da ke cikin tsibirin har mutum ya nemi mayafi mara nauyi, a Kintamani da Bedugul da ke kan tsauni kuwa sai da rigar sanyi. Kuɗin wannan daɗi shi ne cunkoso, domin lokacin ne Turawa da mutanen Ostireliya ke cika tsibirin, hanya ta cushe, ɗaki ya yi tsada. Wanda ke da halin matsar da tafiyarsa zuwa Mayu, Yuni ko Satumba zai sami kusan yanayin nan da sauƙin jama'a.

Maleshiya ma ba ta ɓaci a Yuli ba. Tsibiran gabas da aka rufe a Disamba yanzu ne lokacinsu, ruwan teku a kwance. Abin dubawa ɗaya ne, hayaƙi. A shekarun da aka yi fari, gobarar daji da ta gonaki a yankunan Sumatra da Kalimantan na Indunusiya kan turo hayaƙi ya lulluɓe Maleshiya, ya fi tsanani wajen Agusta zuwa Oktoba. A 2015 da 2019 sai da aka rufe makarantu. Ba kowace shekara ake yi ba, amma idan cikin iyalinka akwai mai asma, ka duba rahoton ingancin iska na ƙasar kafin ka biya kuɗin tikiti, kuma gara ka tafi a farkon Yuli da ka bari hutun ya ja zuwa ƙarshen Agusta.